Biskit, wainar hanta, busasshen nama ko daskararre: wanne za ka haɗa wa karenka?

Wanda ya yanke shawarar haɗa wa karensa kayan kwalama da hannunsa yana da hanyoyi huɗu a gabansa: busasshen biskit da ake gasawa a obin, abin gashi mai laushi irin wainar hanta, yankakken nama ko dankali da ake busarwa a hankali, da kuma wanda ake daskararwa a firiza. Kare zai cinye ko wanne ka miƙa masa ya lashe baki, saboda haka ɗanɗano ba zai raba maka gardama ba. Abin da ke raba su shi ne yawan ruwan da ya rage a cikinsu. Ruwan nan ne ke faɗin kwana nawa abu zai yi bai lalace ba, da yawan kalorin da ke cikin loma guda, da ko haƙoran karen za su iya da shi.

Kafin a kunna wuta sai a yi lissafi, domin a nan aka fi kuskure. Likitocin dabbobi sun daɗe da tsayar da ƙa'ida cewa kayan kwalama kada su wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da kare ke ci a yini. Baligin kare mai kilo 10 wanda aka yi wa fiɗiya yana buƙatar kalori 600 da 'yan kai a rana, ke nan rabonsa na kwalama wajen kalori 60 ne. Mai kilo 20 yana da kusan 100, mai kilo 5 kuwa bai kai 40 ba. A riƙe waɗannan lambobi, duk kwatancin da ke tafe a kansu ya dogara.

Busasshen biskit shi ne wanda kowa ya fi sani, kuma tsohon abu ne: wani Ba'amurke mai aikin lantarki, James Spratt, ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a Landan wajen shekarar 1860. Haɗin da ke fita daidai a gida shi ne garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba giram 300, dafaffiyar kabewa da aka dame giram 120, ƙwai biyu, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 30 wadda babu gishiri ko sukari a cikinta. A fara haɗa masu ruwa-ruwan, sannan a riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan. Kwaɓin da ake so mai tauri ne, ba ya kama hannu. In yana tsagewa a gefe lokacin murzawa, a ƙara ruwa cokali ɗaya a sake cuɗawa. In yana liƙe wa tebur, kabewar ce ta kwaso ruwa wajen dahuwa, sai a barbaɗa gari. Ba a sa yis, ba a sa hodar tashi, ba a sa gishiri. Iskar da ke sa biskit ɗin mutane ya yi taushi ba ta da amfani a nan.

A murza kwaɓin ya zama kaurin milimita 6, a yanka murabba'i mai santimita 3. Zai ba da wajen guda 80. Duk kwaɓin kalori 1,400 ne ko ƙasa kaɗan, ke nan kowane biskit yana ɗauke da kusan 17, kuma kare mai kilo 10 guda uku ya ishe shi a yini. A soke tsakiyar kowanne da cokali mai yatsu don tururi ya sami mafita, in ba haka ba ya kumbura ya bar rami mai danshi a ciki. A gasa a digiri 175 na ma'aunin Celsius, na minti 20 zuwa 25.

A nan ne da sauran rina a kaba. Bayan minti 25 biskit ɗin ya yi ja, ƙamshi ya cika ɗaki, mutum ya ga kamar an gama. An dai gasa shi, amma ba a busar da shi ba. Ɓawon waje ya yi ƙarfi ya kulle danshi a ciki, kuma in aka zuba shi a kwalba aka rufe, danshin nan zai fito sannu a hankali ya jiƙa ɓawon. Cikin kwana huɗu ko biyar sai a ga fumfuna fara-fara ko kore a lungun da aka soke. Maganinsa a rage wuta zuwa digiri 100, a juya su, a bar su awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan a kashe obin a bar su a ciki har ya huce. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki mafi kauri ka karya. In ya karye ɓas, cikinsa launi ɗaya daga gefe zuwa gefe, ya bushe. In ya lanƙwasa kafin ya karye, ko aka ga tsakiyar ta fi duhu, a mayar. Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan gaskiya: a sa guda biyar da suka huce sarai a kwalbar gilashi, a rufe, a duba washegari. In jikin kwalbar ya yi gumi, ba su bushe ba. Wanda ya bushe da kyau yana yin mako biyu zuwa uku a rufaffen gwangwani ba tare da firij ba, kuma abin da kan fara lalata shi man gyaɗar da ke ciki ne, da zarar warinsa ya sauya sai a zubar.

Batun gari yana jawo surutu fiye da yadda ya cancanta. Yawancin karnuka suna narkar da dafaffen sitaci lafiya lau. Binciken da aka wallafa a 2013 daga Jami'ar Uppsala ta Suwidin ya nuna kare yana da kwafin ƙwayar halittar da ke narkar da sitaci da yawa fiye da kerkeci. A jerin abincin da aka fi samu yana haddasa wa karnuka ƙaiƙayi da ciwon kunne, naman shanu ne kan gaba, sai madara, sai kaza, alkama tana bayansu. Saboda haka wanda ya guje wa alkama ya koma biskit mai cuku da romon naman shanu, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. In dai likita ya tabbatar alkamar ce matsala, garin ots ne ya fi sauƙin aiki, sai dai ba shi da danƙo, don haka a ƙara ƙwai ɗaya a bar kwaɓin ya huta minti 15 ya sha ruwa kafin a murza. Garin shinkafa yana ba da biskit mai ƙaras-ƙaras amma mai saurin marmashewa a aljihu. Garin kwakwa yana shan ruwa kamar soso, in aka musanya shi giram da giram da na alkama sai a sami abu kamar yashi wanda ba ya haɗuwa.

Amfanin biskit ke nan: yana ajiyuwa, ba ya ɓata aljihu, ana iya ƙirga shi. Rauninsa wajen horo yake. Kare zai tsaya ya tauna, ya sunkuya ya bi ɓurɓushi a ƙasa, kafin ya ɗago ya manta abin da aka ba shi ladan a kai. Kuma kada a ruɗi kai cewa yana wanke haƙora. Yana farfashewa tun a ƙarshen haƙori, bai kai ga dasashi ba inda datti ke taruwa. Buroshi ne ke wannan aikin.

Don horo, wainar hanta ta fi komai. Hantar shanu ko ta kaza giram 250, ƙwai ɗaya, gari giram 125. A markaɗa hantar da ƙwan a na'urar markaɗe har su zama ruwa, a juye a kwano a gauraya da garin, a shimfiɗa a tire mai takardar gashi kaurin santimita ɗaya, a gasa a digiri 180 na minti 25. In aka soka wuƙa ta fito ba jan ruwa, ta nuna. A bar ta ta huce gaba ɗaya kafin a yanka, da zafi dagargajewa take yi. A yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Girman nan shi ne sirrin: kare ba ya auna girman lada, sau nawa aka ba shi yake ƙirgawa, kuma ƙaramin abu mai laushi yana haɗiye shi nan take idonsa na kanka. Duk tiren wajen kalori 850 ne. In aka fitar da guda 300 daga ciki, kowanne bai kai kalori 3 ba, ke nan ana iya ba kare mai kilo 10 lada sau 20 a zama ɗaya ba a ƙetare iyaka ba.

Sai dai waina ce mai ruwa a jiki, hukuncinta hukuncin dafaffen nama ne. Kwana uku zuwa huɗu take yi a firij, wata uku a firiza. Hanya mafi dacewa ita ce a baza yankakkun a tire a daskarar da su a warwatse, sannan a juye a leda, ta yadda za a riƙa ɗibar cikin hannu guda a kullum ba tare da sun dunƙule ba. Abin da ya kwana a jakar horo a zubar. Hanta kuma tana da nata sharaɗin. Cike take da bitamin A, wanda jiki ke tarawa maimakon ya fitar a fitsari, kuma yawansa na tsawon watanni yana taɓa ƙashi da gaɓoɓi. Tun kafin a kai nan ma, karen da bai saba ba zawo zai yi a rana ta farko in aka cika masa. Karnukan Dalmatian, waɗanda jikinsu ke saurin haɗa tsakuwa a mafitsara, ba a ba su hanta. Haka irin karnukan da ke tara sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, a hantarsu, kamar Bedlington terrier da wasu Labrador, domin hantar shanu tana da kofa da yawa. Ga waɗannan sai a musanya hantar da dafaffiyar kabewa da ƙarin ƙwai, in ya so ƙamshin ya ragu kaɗan.

Busasshen nama shi ne wanda mutane da yawa suka koma yi da kansu saboda tsoro. Tun daga 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta riƙa karɓar ƙorafi kan karnukan da suka kamu da ciwo, wasu na ƙoda, bayan cin busasshen naman kaza da agwagwa na leda, akasari wanda aka shigo da shi daga Sin. Zuwa ƙarshen 2015 rahotannin sun shafi karnuka fiye da 6,000, sama da 1,100 daga ciki sun mutu. Na gida yana da fa'ida bayyananniya, abu ɗaya ne a ciki kuma ka san ko mene ne. Ga kare mai ƙaiƙayin da ake zargin abinci ne, wannan babbar riba ce, domin in jikinsa ya tashi ba sai an yi ta laluben wanne ne cikin kayan haɗi takwas ba.

Amma cikin huɗun nan shi ne ya fi haɗari in aka yi sakaci, kuma haɗarin har da mutanen gida. A zaɓi tsoka marar kitse, kamar ƙirjin kaza, a yanke duk wani fari da ke jiki, domin kitse ba ya bushewa, lalacewa yake yi. A sa naman a firiza na kamar awa ɗaya ya ɗan sandare, zai fi yankuwa daidai. A yanka kaurin milimita 5. In aka bi tsawon zaren naman, za a sami mai tauri da kare zai daɗe yana tauna. In aka gitta zaren, zai riƙa gutsuruwa cikin sauƙi, wanda ya fi dacewa da ƙananan karnuka. A jera a kan ragar ƙarfe da tire a ƙasa, kada su taɓa juna, a digiri 80 zuwa 90, a tokare ƙofar obin da cokalin katako don tururi ya fita. Yana ɗaukar awa uku zuwa biyar. Ya yi idan aka lanƙwasa ya tsage, fararen zaruruwa suka bayyana, kuma aka matsa babu laima.

Masu na'urar busar da abinci su suka fi faɗawa tarko. Yawancin na'urorin nan tsakanin digiri 55 zuwa 70 suke aiki, kuma tururin da ke fita daga naman yana sanyaya shi, ta yadda cikinsa kan bushe tun bai yi zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba. Ƙwayar cutar Salmonella kuwa, wadda ake samu a ɗanyen nama, in ta bushe sai ta ƙara jure zafi. Cikin naman kaza dole ya kai digiri 74, na shanu 71. Abin da ya fi tabbas shi ne a fara gasa yankakken naman har ma'aunin zafi ya nuna haka sannan a busar. In an riga an busar, a sa shi a obin mai digiri 135 na minti 10. Lafiyayyen kare na iya cin mai ɗauke da ƙwayar bai nuna komai ba, amma ya riƙa fitar da ita a kashi da yawu, yaron da karen ya lasa a fuska shi ne zai kwanta. Ko an yi komai daidai, a ajiye a firij a cinye cikin mako biyu, ragowar a firiza.

Sannan ga ruɗin ido. Nama giram 500 yana komawa wajen giram 150 zuwa 170 bayan bushewa, amma kalorinsa kusan 600 na nan ba inda ya je. Ɗan siririn yanki mai giram 10 ya kai kalori 35, biyu sun wuce rabon kare mai kilo 10. Karen da ke fama da ciwon ƙoda bai kamata a ba shi ba sai da izinin likita, saboda yawan furotin da fosforas.

Dankalin Hausa ma ana busar da shi haka, kuma ba shi da fargabar ƙwayar cuta irin ta nama: a wanke, a yanka a tsaye kaurin milimita 6, a gasa a digiri 120 na awa biyu da rabi zuwa uku, a juya a tsakiya. Ba shi da kitse, ya dace da kare mai son tauna wanda cikinsa ba ya ɗaukar maiƙo, amma zaƙinsa ya yi yawa ga mai ciwon sukari. Mai haɗama da ke haɗiye abu ba tauna a yanka masa ƙanana, ko a tsaya a kansa har ya gama.

Daskararre shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi ƙarancin kalori a loma, tunda rabinsa da ƙari ruwa ne. Yogot marar sukari giram 200 da ayaba ɗaya da aka dame, a zuba a tiren ƙanƙara mai gurbi 14, kowanne ya tashi wajen kalori 15. Ga kare mai ƙiba, ko wanda ake so ya zauna wuri ɗaya, ya fi kyau a cusa haɗin a cikin abin wasa na roba mai rami a daskarar, zai yi minti 20 yana lasa. Matsalolinsa uku. Karnuka da yawa in sun girma ba sa narkar da sukarin madara sosai, don haka a fara da cokali ɗaya a ga yadda kashinsa zai kasance. In ya yi ruwa, a koma kabewa da romon da aka dafa ba gishiri ba albasa. Ba ya fita gida, minti goma a aljihu ya zama kunu. Kuma in ya narke gaba ɗaya ba a sake daskarar da shi. Zallar ƙanƙara mai tauri kuwa tana iya fasa babban haƙorin tauna na sama, wanda gyaransa sai an sa kare barci. Ƙa'idar da ta shafi duk huɗun ita ce, abin da farcen babban yatsa ba zai iya yi wa alama ba, ko hannu ba zai iya karyawa ba, ya yi wa haƙori tauri.

Ko wace hanya aka ɗauka, akwai abubuwan da ba sa shiga kwano. Mafi saurin kisa shi ne zailitol, sinadarin zaƙi da ake sa wa cingam da wasu nau'o'in markaɗaɗɗiyar gyaɗa da yogot marasa sukari, a jikin kwalba ana rubuta shi xylitol ko E967. Yana sa jikin kare ya kwararo insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, sukarin jininsa ya faɗi cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma giram 0.1 a kowane kilo na nauyinsa ya isa. Mai yawa yana kashe hanta. Cakulan da garin koko suna da wani sinadari, tiyobromin, wanda kare ba ya iya fitarwa da wuri, kuma gwargwadon duhun cakulan gwargwadon dafinsa. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya tsayar da ƙoda. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, dahuwa ba ta kashe dafinsu, kuma alamun kan ɗauki kwanaki kafin su fito. Garinsu da ke ɓoye a dunƙulen sinadarin miya da romon gwangwani shi ya fi shammatar mutane. A ƙara da gyaɗar makadamiya, da gyaɗar ƙamshi, da ɗanyen kwaɓi mai yis wanda ke ci gaba da tashi a cikin ciki yana fitar da barasa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da aflatoksin, dafin da fumfunar ke fitarwa, gashi ba ya kawar da shi, hantar kare kuma ba ta jure shi. Kitse ba dafi ba ne, amma fatar kaza da man shanu da cuku mai yawa a zama ɗaya na iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, musamman ga irin Miniature Schnauzer. In kare ya haɗiyi ɗaya daga cikin masu dafin nan, a kira likitan dabbobi nan take, ba a jira alamu.

To wanne za a ɗauka? In horo ake yi, ko ɗan kwikwiyo ne, ko tsohon kare mai girgizar haƙori, wainar hanta ce, da sharaɗin akwai firiza. In abin da ake so shi ne gwangwani a kan kanta da za a riƙa ɗiba safe da yamma, ko guzurin tafiya, busasshen biskit ne, da sharaɗin a yi haƙurin awa ɗaya da rabin nan na busarwa. Mai ƙaiƙayi a yi masa busasshen nama daga irin naman da jikinsa ya saba ɗauka. Mai ƙiba a ba shi daskararre ko dankali, a kuma rage daidai wannan kalorin daga kwanon abincinsa. Wanda ba shi da ma'aunin zafin nama, a ganinmu, ya bar busasshiyar kaza tukuna ya tsaya a kan biskit da dankali. A yawancin gidaje haɗa biyu ne ke aiki, biskit a gwangwani da leda guda ta wainar hanta a firiza, wanda yini ɗaya a kicin zai wadatar da su na makonni. Duk sabon haɗi a fara da guda ɗaya, a jira awa 24 ana lura da kashi da fata da kunne, sannan a rubuta kwanan watan da aka gasa a jikin murfin.